Fleetwood Mac ta Peter Green ko ta Rumours: da wacce ya kamata ka fara?

Wanda ya shiga Spotify ko YouTube ya rubuta Fleetwood Mac zai tarar da faifai biyu masu wannan suna ɗaya. Na farko ya fito a 1968, a bangonsa akwai kare da kwandon shara a wani lungu. Na biyu ya fito a 1975, bangonsa fari, da hoton mutum biyu a bakin ƙofa. Ka saurare su a jere, za ka rantse ba ƙungiya ɗaya ba ce, kuma ba za ka yi kaffara ba. Daga wancan faifai zuwa wannan, mutum biyu kacal suka rage: Mick Fleetwood mai ganga, da John McVie mai jitar bes. Duk masu rubuta waƙa da masu rerawa sun canza. Shi ya sa tambayar da mai son fara sauraron su zai yi ba ita ce "wane faifai ya fi daɗi" ba. Tambayar ita ce: wace Fleetwood Mac ɗin kake nema, ta farko da mai jita Peter Green ya kafa, ko ta baya da ta fitar da faifan Rumours?

Ni dai tun farko zan faɗi inda na karkata. Ka fara da ta Peter Green. Amma akwai mutanen da wannan shawara ba za ta yi musu ba, kuma zan faɗi su wane ne.

Peter Green ɗan gabashin Landan ne, an haife shi a 1946. A 1966 ya gaji Eric Clapton a ƙungiyar John Mayall, wato Bluesbreakers, a lokacin da matasan Ingila suke ganin babu wani mai jita bayan Clapton. Shekara guda ya yi a nan ya fita ya kafa tasa. Abin da ya fara burge ni da mutumin shi ne sunan da ya zaɓa. Shi ne gwanin, shi jama'a suke zuwa gani, amma ya haɗa sunan mai ganga da na mai bes ya raɗa wa ƙungiyar. McVie ma a lokacin bai shigo ba, yana jin tsoron barin albashin da yake samu wurin Mayall, har sai da wani mai suna Bob Brunning ya riƙe masa wurin a wasansu na farko a Windsor cikin watan Agusta 1967. Kamfanin faifai ya yi ta maƙala sunan Green a gaba don a sayar da kaya, shi kuwa ba ya so.

Kiɗan da suke yi a lokacin shi ne blues, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ya taso daga kudancin ƙasar ya bunƙasa a Shikago. Ba su ɓoye cewa koyi suke yi ba. A watan Janairu 1969 har Shikagon suka je, ɗakin ɗaukar sauti na Chess, suka zauna da dattawan sana'ar irin su Willie Dixon da Otis Spann. Turawa da yawa sun yi irin wannan koyi, mafi yawansu gudu da ƙara kawai suka ɗauko. Green ya bambanta da su domin bai cika cunkusa sauti ba. Yakan taɓa tsirkiya ɗaya ya bar ta ta yi kuka har ta gama kafin ya taɓa wata. B.B. King da kansa ya yaba daɗin sautin hannunsa, kuma B.B. King ba ɗan koyo ba ne a wannan fage. Wanda kunnensa ya saba da gurmi ko molo, ko jitar Agadez irin ta su Bombino, zai ji wannan kiɗa bai yi masa baƙunta ba. A kunnena akwai dangantaka a yadda tsirkiya take magana kamar bakin mutum, da yadda ake maimaita zance guda ana juya shi a hankali.

Cikin shekara uku kacal suka yi abin da suka yi. "Black Magic Woman" ta fito a 1968, ita ce Santana ya ɗauka a 1970 har mutane da yawa suke zaton tasa ce. A Agustan 1968 Green ya kawo Danny Kirwan, yaro ɗan shekara 18, suka zama masu jita uku tare da Jeremy Spencer. Sai "Albatross", kiɗa zalla babu kalma ko ɗaya, wadda ta hau mataki na ɗaya a Birtaniya a farkon 1969. Sai "Man of the World" da "Oh Well", kowacce ta kai mataki na biyu. Sai faifan Then Play On a watan Satumba na wannan shekara, wanda a wurina shi ne ƙololuwar wannan zamani.

Daga nan abin ya fara lalacewa. Green ya shiga shan ƙwayar LSD. Ya fara sa doguwar riga da gicciye a wuya, ya matsa wa abokansa su rabar da kuɗin da ƙungiyar take samu ga mabuƙata, suka ƙi. A watan Maris 1970 a Munich ta Jamus wasu matasa suka ja shi wani gida da suke zaman taro, ya sha abin da ya sha. Wasu daga cikin abokan tafiyarsa suna cewa daga wannan dare bai koma daidai ba, wasu kuma suna cewa canjin ya riga ya soma tun kafin nan. Waƙarsa ta ƙarshe da su, "The Green Manalishi", ya bayyana cewa a kan kuɗi take, kuɗi a matsayin shaiɗan da ke bin sa. Ka ji ta da dare kai kaɗai, tsigar jikinka za ta tashi. A watan Mayu 1970 ya fita. Daga baya likitoci suka tabbatar yana da ciwon taɓin hankali, ya yi ta shiga asibiti yana fita, har da jona masa lantarki a kai. Ya dawo kiɗa jefi-jefi. A faifan The Visitor da Mick Fleetwood ya je Accra ya ɗauka a 1981 akwai hannun Green a waƙar "Rattlesnake Shake". Ya rasu ranar 25 ga Yuli 2020 yana da shekara 73.

To, kada in yaudare ka. Zamanin Green yana da aibu biyu ga mai farawa. Na ɗaya, faifansu biyu na farko suna da gajiyarwa. Jeremy Spencer ya mace a kan salon Elmore James, kuma a faifan Mr. Wonderful waƙoƙi huɗu ne suka buɗe da kusan salon jita iri ɗaya. Na biyu, mafi kyawun waƙoƙin Green ba sa cikin manyan faifan, a ƙananan faifai masu waƙa ɗaya gaba ɗaya baya aka sake su, kamar yadda ake yi a Ingila a lokacin. Wanda ya ɗauki faifan mai kare da kwandon shara yana neman "Albatross" ba zai same ta ba, ya ce an cuce shi. Mafita ita ce tarin Greatest Hits na 1971, ko The Best of Peter Green's Fleetwood Mac na 2002, sannan Then Play On bugun 2013 da aka ƙara wa "Oh Well" da "The Green Manalishi". A kula: akwai wani Greatest Hits ɗin na 1988, mai koren bango, wanda babu waƙar Green ko ɗaya a cikinsa.

Tsakanin fitar Green da zuwan Amurkawa biyu, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, akwai shekara huɗu da rabi da mutane suke tsallakewa, kuma a nan ne aka fi shan wuya. A Fabrairu 1971 a Los Anjalas, Spencer ya ce zai fita ya sayo mujalla, bai dawo ba. Bayan kwanaki aka same shi ya shiga wata ƙungiyar addini mai suna Children of God. A Agustan 1972 Kirwan, wanda giya ta riga ta ci ƙarfinsa, ya yi rigima a bayan dandali kan ɗaurin jita, ya farfasa jitarsa, ya ƙi hawa wasa, aka sallame shi. Wannan yaron da ya rubuta rabin waƙoƙin faifan Bare Trees ya ƙare yana kwana a gidajen marasa galihu a Landan shekaru da dama, ya rasu a 2018. A 1973 aka kori wani mai jitarsu, Bob Weston, saboda ya nemi matar Mick Fleetwood, aka soke zagayen wasan da suke yi a Amurka. Manajansu Clifford Davis ya ce sunan nasa ne, ya tara wasu makaɗa dabam ya tura su Amurka a 1974 su yi sojan gona da sunan Fleetwood Mac. Masu kallo suka gane babu Fleetwood babu Mac a dandali, shari'a ta ɗaure ƙungiyar ta gaskiya wata da watanni.

Mutum biyu suka riƙe gidan a wannan lokaci. Christine McVie, matar John, mai fiyano, wadda ta shigo a 1970. Sai Bob Welch, Ba'amurke, wanda ya zo a 1971 kuma ya ba su shawarar komawa Kalifoniya. Har yau ina jin zafin yadda aka yi da Welch: lokacin da aka shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1998, an kira Green da Spencer da Kirwan, shi aka bar shi a waje, bayan ya kai su kotu kan haƙƙinsa a 1994. Ba zan ce ka fara da wannan zamani ba. Amma idan ka ƙoshi da sauran biyun, nemi Bare Trees da waƙar "Hypnotized".

Yanzu ɗaya ɓangaren. A ƙarshen 1974 Mick Fleetwood ya je duba ɗakin ɗaukar sauti na Sound City. Mai haɗa sauti Keith Olsen ya kunna masa wata waƙa daga faifan wasu masoya biyu, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, wanda bai yi kasuwa ba. Da Welch ya ajiye aiki, Fleetwood ya nemi Buckingham shi kaɗai, Buckingham ya ce sai dai da budurwarsa. Aka ɗauke su biyun a jajibirin sabuwar shekara. Farin faifan 1975 ya hau mataki na ɗaya a Amurka bayan fiye da shekara guda yana hawa a hankali.

Sai Rumours. An ɗauke shi a 1976, mafi yawa a Sausalito kusa da San Faransisko, ya fito ranar 4 ga Fabrairu 1977. Ya yi mako 31 a mataki na ɗaya a Amurka, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, an sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Amma ba alƙaluman ne suka sa yake da rai ba. Lokacin da ake ɗaukarsa auren John da Christine ya mutu, ba sa magana sai ta aiki. Buckingham da Nicks suna rabuwa cikin faɗa. Auren Fleetwood ma yana rushewa. Duk da haka kullum sai su taru a ɗaki ɗaya. Bahaushe ya san habaici, ya san yadda mata suke jefa wa juna magana a bakin turmi. Abin da ba mu saba gani ba shi ne a yi maka habaici a waƙa kuma kai ne ɗan amshi. Buckingham ya rubuta "Go Your Own Way" a kan Nicks, ita kuma dole ta tsaya gefensa ta amsa. Ta mayar masa da "Dreams", shi ya kaɗa mata jita. Christine ta rubuta "You Make Loving Fun" a kan sabon saurayinta, mai kula da fitilun dandalinsu, tsohon mijinta ya kaɗa bes ɗin. Waƙar "The Chain" kaɗai ce dukansu biyar suka sa hannu a rubutunta.

Idan ana maganar gwaninta wajen gina waƙa, Rumours ya fi duk abin da Green ya fitar a faifai guda. Waƙa 11, kusan minti 40, kuma da wuya ka sami wadda za ka tsallake. Muryoyi uku ne, mata biyu da namiji ɗaya, kowa da launinsa: ta Christine mai sanyi da natsuwa, ta Nicks mai ɗan kaushi, ta Buckingham mai zafi. Sautin a wanke yake, ko a ƙaramar lasifikar waya yana fita. Ba abin mamaki ba ne a 2020 wani ɗan gajeren bidiyo a TikTok ya sake dawo da "Dreams" cikin jerin waƙoƙin da aka fi ji, shekara 43 bayan fitowarta.

Akwai wata magana da nake ji tana ɓata mini rai, wai wahala da hodar iblis ne suka haifi kyawun faifan. Ba haka ba ne. Gwaninta da aikin wata da watanni tare da masu haɗa sauti Ken Caillat da Richard Dashut ne suka haife shi. Abin da hodar ta haifa shi ne Nicks a asibitin masu shaye-shaye a 1986, da Fleetwood da ya tsiyace har kotu ta ayyana shi a 1984, duk da dukiyar da ta bi ta hannunsa. Haka LSD ba ta ƙara wa Green komai ba. Mutum ne da yake kan ganiyarsa yana ɗan shekara 23, ta raba shi da sana'arsa.

To wa ya kamata ya fara da Rumours? Wanda yake jin Turanci sosai kuma kalmomi ne suke kama shi a waƙa, domin rabin daɗin faifan yana cikin sanin wa ke jifan wa. Wanda yake son murya fiye da tsirkiya. Wanda zai saurara a mota ko cikin hayaniya, inda kiɗan Green mai yawan shiru zai ɓace. Wanda datarsa ba ta da yawa kuma faifai ɗaya kawai zai sauke: wannan kada ya yi wahalar tattara waƙoƙin Green daga wurare uku. Da kuma wanda bai taɓa zama ya ji kiɗan Turawa na wancan zamani ba, domin ƙofar Rumours a buɗe take, ba ta buƙatar haƙuri.

Amma ga dalilin da ya sa na ce sauran mutane su fara da Green. Rumours zai same ka ko ba ka neme shi ba. Yana cikin tallace-tallace, yana cikin finafinai, Bill Clinton ya yi yaƙin neman zaɓe da "Don't Stop" har ƙungiyar ta haɗu ta rera masa ita a bikin rantsar da shi a Janairu 1993. Green kuwa sai ka tashi ka je. Na kuma lura wanda ya fara da Rumours yakan ji zamanin Green kamar ɗanyen aiki, ya gaji kafin ya kai ga "Man of the World". Wanda ya fara da Green kuwa, idan ya zo Rumours yakan ji abin da wasu ba sa ji: gangar Fleetwood da bes ɗin McVie a ƙarƙashin komai. Wannan bes da ya shigo shi kaɗai a ƙarshen "The Chain" hannun mutumin da ya yi shekaru yana kiɗan blues a ƙananan gidajen rawa na Ingila ne. Ba za ka gane nauyinsa ba sai ka san inda ya fito.

Sannan akwai bambancin abin da kowanne yake magana a kai. Rumours maganar tsakanin mutum da masoyinsa ce, ɓacin rai da kishi da fatan gobe. Waƙoƙin Green na ƙarshe maganar mutum da ransa ce: ya samu suna, ya samu kuɗi, bai samu kwanciyar hankali ba, yana neman Allah bai san ta inda zai bi ba. Ba sai ka ji Turanci ba kafin ka gane haka, jitar ta riga ta faɗa. Ni wannan ya fi zama mini a zuciya.

Abin da ya biyo bayan Rumours ba zan daɗe a kai ba. Tusk na 1979 ya ci fiye da dala miliyan ɗaya, Buckingham ya ƙi maimaita abin da ya yi kasuwa, har ya sa makaɗan fareti na wata jami'a a filin ƙwallo na Dodger. Faifai ne mai daraja amma ba na ɗan farawa ba. Tango in the Night na 1987 yana da "Everywhere" da "Little Lies", dukansu na Christine, kuma kafin a fita zagayensa Buckingham ya fice bayan wata mummunar rigima da Nicks. Behind the Mask na 1990 da Time na 1995 ka bar su sai ranar da ba ka da abin ji. Mutum biyar ɗin sun sake haɗuwa a 1997 suka yi The Dance, wasan kai-tsaye, kuma wanda yake son ganin rikicin Nicks da Buckingham da idonsa ya kalli yadda ta tsare shi da ido a waƙar "Silver Springs", wadda aka cire daga Rumours shekara ashirin kafin nan ba da son ranta ba. Christine ta tafi a 1998 ta dawo a 2014. An kori Buckingham a 2018, aka kawo Mike Campbell da Neil Finn, ya kai ƙara aka sasanta. Christine ta rasu ranar 30 ga Nuwamba 2022, kuma tun daga nan ƙungiyar ba ta sake hawa dandali ba.

Idan har yanzu kana kokwanto, gwajin ba zai ci maka minti goma ba. Sa abin ji a kunne, a wuri mai shiru, ka kunna "Man of the World", wadda ba ta kai minti uku ba. Bi ta da "Dreams". Idan ta biyun ce ta tsaya maka a kai, sauke Rumours, daga nan farin faifan 1975, daga nan Tango in the Night. Idan ta farkon ce, nemi tarin 1971, sannan Then Play On, sannan wasan da suka yi a Boston a Fabrairu 1970, wata uku kafin Green ya tafi, inda shi da Kirwan suka ja "Rattlesnake Shake" fiye da minti ashirin suna amsa wa juna da jita.